Shin Halin Mutum Ne Ke Hana Shi Ajiye Waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da 'ya'ya biyu da suka haura shekara 20, kuma lokaci guda suka fara riƙe babbar waya. Babban yana iya ajiye tasa ya yi awa uku bai waiwaye ta ba, ƙanwarsa kuwa ko magana ake yi da ita idonta na kan wayar, da dare ma sai barci ya sace ta tana riƙe da ita. Shin bambancin hali ne ya jawo haka? Idan kuwa hali ne, ana iya gyara shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Hali yana da hannu a cikin lamarin, kuma masana ilimin halayyar ɗan Adam sun shafe kusan shekara 20 suna auna girman wannan hannu. Sai dai abin da binciken ya nuna ya ɗan sha bamban da yadda aka fi ɗauka. Abin da hali ya fi bayyanawa shi ne dalilin da ke sa hannun mutum ya kai kan waya, da irin wahalar da yake sha idan ya so ajiye ta, ba adadin awannin da yake yi a kanta ba. Mutum biyu suna iya yin awa shida shida a kan waya a rana guda, ɗaya yana neman abin da zai kwantar masa da hankali, ɗayan kuma ya kasa taka wa kansa burki ne kawai, kuma matakin da zai taimaki na biyu yana iya ƙara dagula wa na farko lissafi. Shi ya sa nake ganin kafin ki ɗauki kowane mataki, ya kamata ki gano wacce hanya ce ta kai 'yarki inda take.

Da farko sai mu daidaita a kan abin da ake nufi da wuce gona da iri. Yawan awanni shi kaɗai ba ya isa hujja, domin ɗan jarida ko mai sayar da kaya ta intanet yana iya wuni da waya a hannu ba tare da ta cutar da shi ba. Abin da masu bincike ke dubawa shi ne ko mutum ya sha yin niyyar ragewa ya kasa, ko wayar tana cinye masa barci da karatu da aiki, ko tana ɓata zamansa da mutane, ko yana taɓa ta a inda take da haɗari kamar lokacin tuƙi, da kuma ko hankalinsa na tashi idan caji ya ƙare ko ya manta ta a wani wuri. A 2019 wasu masu bincike na King's College da ke Landan suka tattara nazari 41 da aka yi a kan yara da matasa sama da 41,000, suka ga kusan kashi 23 cikin 100 na nuna irin waɗannan alamomi. Duk da haka, har yau jarabar waya ba ta shiga cikin jerin cututtukan da likitoci suka amince da su ba. Kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka na 2013 bai ambace ta ba, kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 kuma ya karɓi matsalar wasannin bidiyo da ta caca, amma bai karɓi ta waya ba. Saboda haka ina ba ki shawara kada ki laƙaba wa 'yarki sunan mai jaraba, domin sunan ya fi ƙarfin hujjar da ake da ita, kuma yakan rufe ƙofar magana tun kafin a fara.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen nazarin hali shi ne wanda ya kasa ɗabi'un mutane zuwa manyan rukunai biyar, wanda Paul Costa da Robert McCrae suka ƙarfafa a shekarun 1980 da 1990. Rukunan su ne saurin shiga damuwa, tsari da riƙon kai, son shiga jama'a, sauƙin hali da tausayi, sai kuma son sabon abu da zurfafa tunani. Kowane mutum yana da rabonsa a cikin dukkan biyar ɗin, wani da yawa wani kaɗan, kuma akasarin mutane suna tsakiya ne. Ɗaya daga cikin nazarce-nazarcen farko da suka haɗa hali da waya shi ne na Adriana Bianchi da James Phillips na Jami'ar Monash a Ostareliya, a 2005. Sun gano cewa matasa, da masu son shiga jama'a, da waɗanda ba sa ganin ƙimar kansu, su ne suka fi samun matsala da waya, saurin shiga damuwa kuwa bai fito fili a sakamakonsu ba. Bayan shekara 15, a 2020, Davide Marengo da Christian Montag da abokan aikinsu suka tattara sakamakon nazari fiye da 20, sai hoton ya juye: saurin shiga damuwa ne ya fi kowanne alaƙa da matsalar, ƙarancin tsari da riƙon kai ya biyo baya, son shiga jama'a kuma bai nuna wata alaƙa ta a-zo-a-gani ba. A fahimtata, wayar ce ta canza a tsakanin shekarun nan. A 2005 aikinta kira ne da tura gajeren saƙo, don haka mai yawan abokai shi ne zai fi damun ta. Tun bayan fitowar iPhone a 2007 da wayoyin da suka biyo bayanta, waya ta zama wurin da mutum zai shige shi kaɗai ya yi awanni yana kallo yana gungurawa ba tare da ya yi magana da kowa ba, kuma wannan ya fi jan wanda ke gudun abin da ke cikin ransa.

A nan ne nake so in daɗe, domin a nan mafi yawan matsalar take. Mai saurin shiga damuwa mutum ne da ƙaramin abu ke tayar masa da hankali, kuma hankalin nasa ba ya saurin komawa mazauninsa. Kalma guda da aka gaya masa da safe tana iya bin sa har dare, jarrabawar da ke tafe nan da wata guda tana hana shi sakewa tun yau. Irin wannan mutum yana buƙatar abin da zai rage masa nauyin zuciya nan take, kuma babu abin da ya kai waya kusa da sauƙi. Da zarar ya buɗe ta, tunanin da ke cin sa ya ja da baya na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa kuma ta riƙe darasin cewa wannan abu yana kawo sauƙi, gobe idan damuwar ta taso hannu zai kai kan wayar tun kafin mutum ya yanke shawara. Lamarin kamar susar ƙaiƙayi ne, ana jin daɗi a lokacin da ake yi, amma wurin yana ƙara rurucewa. Abin da ya haddasa damuwar yana nan ba a taɓa shi ba, ga lokaci ya tafi, ga aikin da aka guje wa ya ƙara taruwa, sai a samu sabon dalilin damuwa, wanda shi ma da waya za a rufe shi. Daniel Kardefelt-Winther ya yi bayanin wannan a 2014, inda ya ce sau da yawa yawan amfani da intanet yunƙuri ne na cike wani giɓi a rayuwar mutum, don haka giɓin ya kamata a fara nema. Haka kuma nazarin da Jon Elhai da abokan aikinsa suka yi a 2017 ya nuna cewa ciwon damuwa da fargaba suna yawan tafiya tare da matsalar waya.

Joël Billieux da abokan aikinsa, a 2015, sun kira wani reshe na wannan da hanyar neman tabbaci. Akwai mutanen da kullum suke cikin shakkar matsayinsu a wurin waɗanda suke ƙauna, suna tsoron a manta da su ko a juya musu baya, kuma galibi ba sa ganin ƙimar kansu. Ga irin waɗannan, waya na'urar auna soyayya ce. Suna duba ko an karanta saƙonsu, suna lissafa mintunan da aka ɗauka kafin a amsa, suna leƙa lokacin da mutum ya hau na ƙarshe. Tun da WhatsApp ya fito da shuɗiyar alamar da ke nuna an karanta saƙo a 2014, shirun da a da ake iya yi masa uzuri ya zama abin da ake fassarawa. Kusa da wannan akwai tsoron kada a yi babu kai, wato fargabar cewa wasu suna can suna jin daɗin wani abu ko suna tattauna wani labari ba tare da kai ba. Andrew Przybylski da abokan aikinsa sun samar da ma'auninsa a 2013, suka kuma ga ya fi yawa a wurin waɗanda buƙatunsu na kusanci da mutane da na jin sun iya wani abu ba su biya ba. Idan 'yarki tana yawan buɗe waya ta rufe cikin 'yan daƙiƙoƙi, fuskarta kuma tana sauyawa gwargwadon abin da ta gani, akwai yiwuwar ta wannan hanya ta biyo.

Hanya ta biyu ta rashin riƙon kai ce, kuma ta bambanta da ta farko ƙwarai. Mai ƙarancin tsari ba lallai ne yana cikin damuwa ba. Matsalarsa ita ce tazarar da ke tsakanin niyya da aiki: ya ce minti biyar zai yi, sai ya ɗago kai ya ga awa ta wuce. Masana sun rarraba garaje kashi huɗu tun aikin Stephen Whiteside da Donald Lynam na 2001, wato aikata abu cikin gaggawa idan rai ya ɓaci, rashin hangen abin da zai biyo baya, rashin juriya a kan aiki mai gundura, da son abin da ke motsa jini. A binciken Billieux, na farkon ne ya fi hasashen wanda zai ji ya dogara da waya, abin da ke nuna cewa hanyoyin biyu sukan haɗu a jikin mutum guda. Dole kuma a faɗi gaskiya cewa manhajojin da ke cikin waya an gina su ne a kan wannan rauni. Tun a shekarun 1950 B. F. Skinner ya nuna cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi sa dabba nacewa a kan aiki fiye da ladan da ke zuwa a ƙayyadadden lokaci. Shafin da ba shi da ƙarshe, bidiyon da ke kunna na gaba da kansa, da sanarwar da ke faɗowa ba zato, duk suna cire wuraren da mutum zai tsaya ya tambayi kansa ko ya isa haka. Mai tsari yana ƙirƙiro wa kansa wurin tsayawa, wanda ba shi da shi kuwa sai abin da ya tsayar da shi daga waje.

Son shiga jama'a ba ya buƙatar dogon bayani. A wani nazari da Montag ya jagoranta a Jamus a 2015, an bibiyi wayoyin mutane sama da 2,400 kai tsaye na tsawon makonni, aka ga masu son jama'a sun fi daɗewa a WhatsApp, masu tsari kuma sun fi taƙaitawa. Wato mai son jama'a yana yawan amfani da waya, amma yawanci hira yake yi da mutanen da ya sani, kuma bai cika ganin ta zame masa matsala ba, sai dai idan son motsa jini ya haɗu da abin, kamar masu rubuta saƙo suna tuƙi. Sauƙin hali da son sabon abu kuwa, alaƙarsu da matsalar ƙarama ce ƙwarai.

Yanzu sai girman alaƙar, wanda shi ne abin da rahotanni suka fi tsallakewa. Masu bincike suna auna ƙarfin alaƙa da lambar da ke tashi daga sifili, wato babu alaƙa, zuwa 1, wato cikakkiyar alaƙa. A nazarin Marengo, alaƙar saurin shiga damuwa da matsalar waya ta tsaya a 0.25, ta tsari da riƙon kai kuma a 0.16 ta ɓangaren kariya, wato mai yawansu ya fi ƙarancin matsalar. Idan aka yi lissafi, na farkon yana bayyana kusan kashi 6 cikin 100 ne kacal na bambancin da ke tsakanin mutane, na biyun kuma bai kai kashi 3 ba. Ma'anar wannan ita ce akwai ɗimbin masu saurin damuwa da waya ba ta dame su ba, akwai kuma masu natsuwa da tsari da ta fi ƙarfinsu. Sauran bambancin yana fitowa ne daga shekaru, da kaɗaici, da rashin abin yi, da matsin karatu ko aiki, da irin abokan da mutum ke tare da su, da manhajar da ya fi buɗewa.

Akwai kuma raunin da ke cikin binciken kansa. Yawancinsa an yi shi ne a kan ɗaliban jami'a, a lokaci guda, ta hanyar ba su takardar tambayoyi su cike, irin ma'aunin da Min Kwon da abokan aikinsa suka samar a Koriya ta Kudu a 2013. Nazarin da aka yi a lokaci guda ba ya iya nuna wanda ya riga wani, ko damuwa ce ta kai mutum ga waya, ko kuwa rashin barcin da waya ta jawo ne ya ƙara masa damuwa, kuma mai yiwuwa kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Sannan mutane ba su iya kimanta lokacin da suke yi a waya daidai ba. Douglas Parry na Jami'ar Stellenbosch a Afirka ta Kudu da abokan aikinsa sun nuna a 2021 cewa alaƙar abin da mutane ke faɗa da abin da na'ura ta rubuta ba ta wuce 0.38 ba. Ƙari a kan haka, mai saurin damuwa yakan fi kowa ganin laifin kansa, don haka yana iya cewa waya ta fi ƙarfinsa alhali bai fi maƙwabcinsa amfani da ita ba. Wannan ba ya soke sakamakon, amma yana sa a riƙe shi da taka-tsantsan.

Tambayarki ta biyu ita ce ko ana iya gyarawa. Ana cewa hali zanen dutse, kuma akwai gaskiya a ciki, domin nazarce-nazarcen da aka yi a kan tagwaye da iyalai sun nuna cewa kusan kashi 40 cikin 100 na bambancin hali gado ne. Wannan ma yana cikin dalilan da ke sa 'ya'yan ciki ɗaya su tashi a gida ɗaya amma su bambanta, tun da ba rabo iri ɗaya kowannensu ya ɗauko daga iyaye ba. Amma hali yana motsawa. Brent Roberts da abokan aikinsa sun tattara nazarce-nazarcen da suka bi mutane shekara da shekaru, suka wallafa a 2006 cewa natsuwa da riƙon kai suna ƙaruwa yayin da mutum ke girma, musamman tsakanin shekara 20 zuwa 40. A 2017 kuma suka duba nazari 207 na mutanen da suka samu taimakon ƙwararru, suka ga hali ya sauya cikin kimanin makonni 24, kuma saurin shiga damuwa shi ne ya fi sauyawa. 'Yarki tana farkon shekarun da wannan sauyi ya fi faruwa. Ko ba a jira halin ya sauya ba ma, ɗabi'ar da ya haifar tana gyaruwa da wuri fiye da shi.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki fara da lura kafin magana. Ki duba lokacin da ta fi ɗaukar wayar: bayan an ɓata mata rai ne, ko lokacin da aka sa ta aiki mai gundura, ko kuwa idan ta zauna ita kaɗai? Sannan ki nemi ku duba tare, da yardarta, lissafin da wayar ke ajiyewa da kanta, domin tun 2018 wayoyin iPhone da na Android suna nuna awannin da aka yi a kowace manhaja. Wannan lissafi yakan ba mai wayar kansa mamaki, kuma yana raba ku da gardamar ko tana yawan yi ko ba ta yi.

Idan ya bayyana cewa damuwa ce ke tura ta, ƙwace wayar ko tilasta mata kashe ta ba zai haifar da ɗa mai ido ba, domin an ɗauke mata abin da take jingina da shi ba a ba ta wani ba. Wani gwaji da Nicholas Fitz da abokan aikinsa suka wallafa a 2019 ya haska wannan: waɗanda aka tara musu sanarwa ana sako musu ita sau uku a rana sun fi samun natsuwa da tattara hankali, waɗanda aka kashe musu ita gaba ɗaya kuwa fargabarsu ta ƙaru. Don haka a irin wannan hali ragewa a hankali ta fi, tare da neman sanin abin da ke damun ta da samar mata wanda za ta iya gaya wa. Idan kuwa rashin riƙon kai ne, nasiha da alkawari ba sa daɗewa, abin da ke aiki shi ne sauya muhalli ta yadda ba sai ta yi kokawa da zuciyarta kowane minti ba: a riƙa cajin waya a wajen ɗakin barci, a samu agogon ƙararrawa daban, a cire manhajar da ta fi cin lokaci daga fuskar wayar, a ajiye ta a wani ɗaki lokacin karatu. Peter Gollwitzer ya nuna tun 1999 cewa niyyar da aka ɗaura wa takamaiman lokaci da wuri, kamar mutum ya ce da zarar ƙarfe 10 na dare ta yi zan kai wayata falo, ta fi cika fiye da niyyar da aka bari a buɗe, irin ta zan rage. Kowace hanya ta biyo, barci ne wurin farawa, domin ƙarancinsa yana ƙara saurin damuwa, yana kuma raunana riƙon kai washegari.

Ina roƙon ki kuma kada ki mayar da yayanta abin misalin da za a riƙa auna ta da shi. Yana iya kasancewa ya fi ta tsari, yana kuma iya kasancewa abin da ke jan hankalinsa ba a cikin waya yake ba kawai. Idan har ita mai shakkar ƙimar kanta ce, kwatancen zai taɓa ainihin wurin da ke yi mata ciwo, sai ta ƙara shigewa cikin wayar.

Akwai alamomin da idan kin gan su, maganar ta wuce ta hali da waya, ta zama ta ganin likita ko ƙwararren mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan ta yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci kusan kullum, ta daina jin daɗin abubuwan da a da take so, cin abincinta ko barcinta ya sauya sosai, ta janye daga ƙawayenta, ko karatunta ya faɗi warwas, to ciwon damuwa ko na fargaba ne ya kamata a bincika. Idan kuma tun tana ƙarama take fama da mantuwa, da kasa gama abin da ta fara, da rashin iya zama wuri guda, ki gaya wa likitan wannan tarihi, domin akwai lalurar rashin tattara hankali da ke farawa tun yarinta, tana da alaƙa da yawan amfani da waya, kuma ana yi mata magani. Idan ta taɓa furta cewa ta gaji da rayuwa ko tana tunanin cutar da kanta, kada a jira wani mako, a kai ta asibiti a ranar.